Wai wannan ne tsire? Haba jama'a

Wallahi sati biyu kenan da dawowata Zariya amma abin nan ya ƙi barin raina, jiya ma saura kaɗan mu yi baram-baram a majalisarmu ta Tudun Wada a kansa.

Kwas na je Landan na wata uku. Wata guda cur ina fama da burodi da dankalin turawa da kifin nan nasu da ake tsomawa a fulawa a soya ko yaji babu, har ɗan yayata da ke karatu a can ya tausaya min ya ce Kawu tashi in kai ka Peckham ka ci abincin gida. Unguwa ce a kudancin Landan da 'yan Najeriya suka cika, in ka bi titin Rye Lane ga doya ga manja ga busasshen kifi sai ka rantse kasuwar Sabon Gari ka shigo. Raina ya yi fari tas. Muka faɗa wani gidan abinci, ba zan kama suna ba, sun rubuta suya ɓaro-ɓaro a gilashi wai ta asali irin ta Arewa. Na yi oda, fam 15, ban ma yarda na juya shi zuwa naira ba don kar jinina ya hau.

Kusan awa ɗaya muna zaune kafin a kawo. Jama'a nama ne aka yanka gunduwa-gunduwa kamar za a sa a miya, aka gasa a obin, aka malala masa wani jan abu mai zaƙi kamar zuma, sannan aka barbaɗa barkono sama-sama don a rufe mana baki. Ba ƙuli. Ba ƙamshin citta, ba kanumfari, ba masoro, hayaƙin itace kuwa sai dai a mafarki. Ko yaron da ke wanke wa mahauci tire a Kwangila ya san tsire sai an yanka naman falle-falle, a soke a tsinke, a birkiɗa shi cikin garin ƙuli, a yayyafa man gyaɗa, a kafa shi kewaye da wuta a tukuba ya gasu a hankali ana juyawa, ba wai a cusa a akwatin lantarki a danna maɓalli a tafi hira ba.

Na kira mai kawo abincin na ce baiwar Allah ina ƙulin? Wai sun cire gyaɗa ne saboda akwai masu cin abincinsu da jikinsu ba ya ɗaukarta, tana iya kai mutum asibiti. To wannan gaskiya ne ban musa ba, dokar ƙasar ma ta wajabta musu su sanar in akwai gyaɗa a abinci. Amma in kun cire gyaɗa ku cire sunan mana! Ku ce gasasshen nama mai zaƙi, wanda ya ga dama ya saya. Ni kuɗin suna na biya.

Abin da ya fi ƙona min rai yaron nan, yana ta lashe yatsa wai Kawu ni dai ya min daɗi, ka duba taurarin da aka ba su a Google. Yaron da aka haifa a Ƙofar Doka fa, shekara uku kacal harshe ya mutu. Su waye suka ba da taurarin, waɗanda ba su taɓa ganin tukuba ba? Daɗi ai kowa da bakinsa, alawa ma da daɗi, wa ya taɓa kiranta kilishi?

To jiya da nake ba da labarin sai wani abokina malami a Samaru ya ce Alhaji dakata, shawarmar da kake saya a unguwar PZ nan Zariya fa? Sosej a ciki, kabeji, mayonis har yana zuba a riga, alhali da muka je umara aka ba ka ta Larabawa da kaza da miyar tafarnuwa da kokwamba mai tsami ka yatsina fuska ka ce tamu ta fi. Aka kwashe da dariya. Gaskiya ya kama ni, don har gobe tamu nake so. Sai dai mai shawarmar nan bai taɓa rantse min cewa daga Sham ya ɗauko ta ba, kuma bai karɓi fam 15 ɗina ba, nan ne suka ƙi fahimta ta har aka kira isha'i.

Ga shi ba dama ka tafi da naka, an hana shiga Ingila da nama daga irin ƙasashenmu, kilishi ko na Naira nawa ne in suka gani a filin jirgi sun ƙwace.

Yau da asuba kuma sai ga saƙon mai taurarin Google a WhatsApp, wai Kawu dan Allah in an samu mai zuwa a aiko min yajin tsire da ƙuli mai yawa. Na gani, ban ba shi amsa ba tukuna.