Kun ce kowane awa 24, to ina nas ɗin?

Yau kwana shida da kuka sallamo mahaifiyata daga asibitinku da kanula, wato siririn bututun da ake sakawa a jijiya don tura magani, a bayan hannu, kuma wallahi haƙurina ya ƙare.

Ƙafarta ta hagu ce ta kumbura, ta yi ja, ta ɗau zafi kamar garwashi. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta wata 'yar tsaga a tsakanin yatsu suka bazu a ƙarƙashin fata, wai selulaitis. An gwada maganin sha bai ci ba, sai allurar jijiya. Ya ce ba sai ta tare gado ba, za a riƙa turo nas gida tana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, seftiriyazon, sau ɗaya a rana, tunda maganin yana daɗewa a jini. Ya sa biro ya zagaye iyakar jan, ya ce da zarar ya haura layin mu kira. Muka yi ta godiya, don Mama ba ta iya barci a ɗakin majinyata.

Ranar farko nas ta zo ƙarfe tara na safe. Washegari, biyar na yamma. Rana ta huɗu ko ƙeyar wani ba mu gani ba! Ku da bakinku kuka ce kada a tsallake allura ko ɗaya, don in maganin ya yi ƙasa a jini cutar ta samu sarari. Lambar da kuka rubuta mana da jan biro na kira ta sau goma sha ɗaya, sai ƙara take har ta katse.

Ga kuma kanular. Tun ta asibiti ce, ba wanda ya canza ta. Filasta ta yi baƙi, gefe ya ɗaye, jijiyar ta yi tauri kamar igiya. Jiya da nas ta tura ruwan gishirin wankewa, Mama ta damƙe hannuna tana cije leɓe. Wai ba ta zo da sabuwa ba, sai gobe. Haba!

Mama kuwa sai cewa take, "Ƙyale su ɗan nan, ƙila aiki ne ya yi musu yawa." Na sani, ba da 'yar aiken nake ba. Da wanda ya ɗauki majinyata fiye da ma'aikatansa nake.

Da safen nan jan ya wuce layin biron da faɗin yatsa biyu, ga zazzaɓi ya dawo. Na naɗe mata kaya a jaka, mun nufi sashen gaggawa neman gadon da kuka ce ba ta buƙata.