Tusa Ba Ta Hura Wuta

An ce wai jiya a wata majalisa ta Titin Zoo a Kano wani ya ce motata kamar ta ɗan haya, ko fenti ba a sake mata ba. Na gode. Ban kama suna ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mota iri ɗaya muka saya ni da shi, Scion FR-S, wadda wasu ke kira Toyota 86, 'yar 2013. Injinta na Subaru ne, lita 2, ƙarfin doki wajen 200, tayoyin baya ke turawa. Ba ta da wani ƙarfi na a zo a gani, amma ga rashin nauyi, ga biyayya a kwana. Waɗanda suka ƙera ta da gangan suka sa mata siraran tayoyi a wili mai inci 17. Shi kuwa gwanin namu sai ya kwance su, ya ɗauro inci 19 masu walƙiya, kowanne da nauyi kamar dutsen niƙa. Yanzu injin da aka yi wa kaya daidai wuyansa shi ke jan wannan lodi, mai ita kuma yana mamakin yadda take nishi a hawan Gadar Dangi.

Sai fuffuke a bayan but, faɗinsa kamar teburin mai shayi. Malam, fuffuke sai a gudun tsere iska ke danna shi. A cunkoson Kofar Nassarawa, tsakanin 'yan adaidaita, aikinsa shanya tsumman goge gilashi. Aka kuma huda salansa, unguwa ba barci, jarirai na firgita, gudun kuwa yana nan inda kamfani ya bar shi.

Ni kuɗina yana inda ido ba ya gani. Na fara da birki, don wanda bai iya tsayawa ba bai kamata ya nemi gudu ba. Na sake kuloci, na ƙara na'urar sanyaya baƙin mai, saboda zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40. Turbo ma, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, ina so, ba zan ɓoye ba, amma ba na sa shi sai lagireto ya iya ɗauka, ga kuma fetur yadda ya koma tun 2023. Fentina ya koɗe, haka ne, har ƙofar direba tana da tabon wani mai babur.

Af, na manta. Ran Asabar wajen ɗaurin aure, wata mota da aka sassauke har cikinta na lasar ƙasa ta maƙale a kan tudun rage gudu, yara huɗu suka tura. Bambar gaba yanzu da waya take ɗaure, an ce ana ta zagayen kasuwar Kofar Ruwa neman irinta. Lambar bakanikena da aka aiko ƙani ya karɓa a ɓoye, na ba shi. A dai je da safe, yana tashi da la'asar.