Tsananta hukuncin tramol: wa zai ƙare a gidan kaso?

Tun da Shugaba Trump ya sa hannu, a watan Yulin 2025, kan dokar da ta dawwamar da dangin fentanil, wata ƙwayar kashe zafi mai tsananin ƙarfi, a sahun ƙwayoyi mafi haɗari a Amurka, magana ɗaya ke yawo a fadodin Damagaram da zaurukan WhatsApp: mu ma a tsananta, wanda aka kama da tramol a rufe shi har mutuwa, ko a kashe. Hujjarsu ita ce majalisar dattawan Najeriya, da ta amince da hukuncin kisa ga dillalan ƙwaya a Mayun 2024. Kiran nan yana ɓata mini rai, don na san bayan da bulalar za ta sauka.

Ai ba doka muka rasa ba. Tun 1999 Nijar ke da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga kuma OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi. To su wa ake kamawa? Ɗan kabu-kabun da ya haɗiyi biyu don ya iya yini a kan babur, da lebura, da yaron da ke yawo da tiren magani a gefen Kasuwar Dole, da samarin Kara-Kara.

Tramol ɗin da likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Na aljihun yaranmu har 225 yake kaiwa, kuma ba a Garin Malam ake yin sa ba. Daga masana'antun Indiya yake fitowa, a sauke shi a tashoshin ruwa irin su Kwatano da Lome da Legas, ya ratso iyaka cikin kwalaye. Wanda ya biya kuɗin kwantenar yana gida cikin sanyi, babu ko ƙwaya ɗaya a jikinsa. Da Indiya ta tsaurara fitar da tramadol a 2018, attajiran nan sai suka koma ga wasu ƙwayoyin, tapentadol haɗe da carisoprodol, irin su Tafrodol, har binciken BBC ya tona su a 2025. Su suka canja riga, talaka ya ci gaba da shan ɗauri.

Ita kanta Amurkan da ake so mu kwaikwaya tun 1986 take yanke dogon ɗauri na dole, amma a 2022 sama da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe mata, akasarinsu fentanil. Masu cewa tsoro zai hana sha ba su taɓa kwana da wanda jikinsa ke rawa don bai samu ba.

In da gaske muke, a bi kuɗin, a binciki yadda kwalaye ke wuce shingen duwan, a kuma buɗe wurin jinya a nan Damagaram. Yau uwar da ɗanta ya fara faɗuwa kamar mai farfaɗiya, saboda tramol ya yi masa yawa, tana jin nauyin kai shi asibiti. Ranar da ta ji cewa ɗaurin rai da rai ke jiran sa, kulle shi za ta yi a ɗaki ta ce wa maƙwabta iskoki ne.