Farfesa Hassana Alidou ta gano cutar, amma maganin bai iso ajin ƙanwata ba

Wata Talata cikin sanyin bana na raka ƙanwata makarantar da take koyarwa, a wani ƙauye da ke kan hanyar Mirya. Ajinta na zana ne, allon kuma an jingine shi bisa bulo biyu. Ƴan shekara ta biyu take riƙe da su, waɗanda muke ce wa CP. Ta rubuta jimla da Faransanci, ta karanta, yara suka amsa baki ɗaya kamar masu amshin gaɗa. Ta sake, suka sake. "Kwampiri?" wato "kun gane?" Suka ce "Wi, madam!" har zanar tana motsi. Da aka fita shan iska sai na kira yaron da muryarsa ta fi ta kowa, na ɗora yatsa kan kalma ta uku, na ce ya karanta mini ita kaɗai. Ya dube ni, ya dubi allo, sai ya ɗauko jimlar daga farko, da ka.

A hanyarmu ta komawa ban ce mata komai ba, ita ta fara. "Yaya, ai na san ba su gane ba. To in na ce zan karantar da su da Hausa, wa ya taɓa nuna mini yadda ake yi? Ni kaina ban iya rubuta ta daidai ba."

Abin da na gani a ajin nan, wata ƴar ƙasarmu ta yi shekaru tana bincikensa. Marigayiya Farfesa Hassana Alidou, wadda aka haifa a Yamai a 1963 ta kuma rasu a 2023, yawancin mutane da jakadanci suka san ta, tun da ita ce ta wakilci Nijar a Amurka daga 2015. Kafin nan ta shugabanci ofishin UNESCO na yanki da ke Abuja. Amma sana'arta ta asali ita ce nazarin yadda malami ke koyarwa da yadda ake horar da shi. A Jami'ar Illinois ta yi digirin dakta a 1997, kuma a kan tasirin siyasar Faransanci a makarantun firamaren Nijar ta rubuta kundinta. Daga baya ta zama farfesa a fannin ilimi a Jami'ar Alliant da ke San Diyego. Tagwayenta, Farfesa Ousseina Alidou, ita ma masaniyar harshe ce a Jami'ar Rutgers.

Aikinta da ya fi yin nisa shi ne babban rahoton da ƙungiyar ADEA mai bunƙasa ilimi a Afirka da cibiyar UNESCO ta Hambug da hukumar GTZ ta Jamus suka sa wasu masana suka haɗa, aka gabatar a 2006, kan harshen koyarwa a Afirka. A babin da ta rubuta tare da Birgit Brock-Utne, ƴar Norway, sun kwatanta abin da ke faruwa a aji idan malami da yaro ba su da harshe ɗaya da suke sakewa a cikinsa. Malami shi ke ta magana, yara ba su tambaya, darasi ya koma maimaici da hadda da amshi baki ɗaya. Kowa yana rufa wa kowa asiri: malama ba ta yi tambayar da za ta tona cewa ba a gane ba, yara ba su yi shirun da zai kunyata ta ba. Rahoton ya kuma nuna yaro na bukatar shekara shida zuwa takwas yana koyon baƙon harshe da kyau kafin a mayar da shi harshen da zai koyi lissafi da kimiyya a cikinsa. Mu kuwa ranar da yaro ya fara taka lakwal ake tarbarsa da Faransanci.

Ba ita ce ta fara faɗin haka ba. Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa nan kusa da mu, wanda aka fi sani da binciken hasken rana, ya fito ne daga makarantar horar da malamai ta William Ponty, kuma tun 1964 ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya dage a koyar da yara da harsunansu. Mun sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992. Sunan yana kan ƙofa, littafin kuwa sai an sha wuya a samu wanda ya karanta shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu Damagarawa ba labari aka ba mu ba. A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, a jikin makarantar horar da malamai. Daga nan aka buɗe irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Masu bincike sun zo sun auna. Mart Hovens, a binciken da ya wallafa a 2002, ya tarar yaran da suka fara da harshen gida sun fi iya karatu, har a Faransancin kansa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. A 2012 Nijar tana cikin ƙasashe takwas da suka shiga shirin ELAN na koyarwa da harshe biyu. Duk da haka, a gwajin PASEC na 2014, wanda ke auna ƙwazon ƴan firamare a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ko ɗaya cikin goma na ƴan ajin ƙarshe na firamarenmu ba su kai mizanin karatu ba. Gwajin 2019 ya nuna an ɗan motsa, amma mafi yawan yara suna nan a baya.

Wato binciken ya yi tasiri, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Ya shiga ɗakin taro, ya shiga doka, ya shiga takardun masu ba da tallafi. Bai shiga hannun wanda ke riƙe da alli ba. A ganina laifin ba na mai binciken ba ne, na yadda muke auna darajar masani ne.

Malamin jami'a a ƙasashenmu ta hannun CAMES yake hawa muƙami, hukumar ilimin jami'a ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci da aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu. Abin da ya fi nauyi a fayil ɗinsa shi ne maƙalolin da ya buga a mujallun masana da ɗaliban da ya duba kundinsu. Ban raina wannan ba. In babu tantancewar takwarori, kowa zai tashi da ra'ayin fadarsu ya kira shi bincike, kuma da Hassana Alidou ba ta bi wannan tsani ba, da babu ministan da zai saurare ta. Amma likitan da ya gano magani yana da asibiti da kantin magani da za su kai shi ga maras lafiya. Masanin horar da malamai asibitinsa makarantar horar da malamai ce, da taron CAPED da malaman yanki ke yi don ƙara wa juna sani. In ya kwashe wata uku yana zagaya tarukan nan daga Matamaye zuwa Magarya, yana zama a bayan aji yana gyara wa ƴan kwantaragi hannu, ba abin da zai ɗaga masa muƙami kamar maƙala ɗaya da Faransanci wadda mutum ashirin za su karanta. Wa zai zarge shi in ya zaɓi maƙalar? Kowa inda ake biyansa yake kai ƙarfinsa.

Ga kuma waɗanda ya kamata a kai wa ilimin. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasa ta cika azuzuwa da malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, da yawansu ba su taɓa zama a makarantar horarwa ba. Da aka yi musu jarrabawa a 2017, mafi yawa ba su samu rabin maki ba, aka yi ta yi musu dariya a gari. Ni ban ga abin dariya ba. Makarantarmu ce ta yaye su, da irin "Wi, madam" ɗin da na ji, sannan muka miƙa musu alli muka ce su yi abin da ba a yi musu ba.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, domin na sha ji a Kasuwar Dole. Hausa ai da ita yaro ya tashi, Faransanci aka kai shi ya koyo, shi ke ba da aiki. Suna da hujja, don har yau da Faransanci ake rubuta jarrabawa, da shi ake neman aikin gwamnati, manyan da ke yabon harshen gida kuma ƴaƴansu suna makarantun kuɗi. Sai dai binciken bai ce a jefar da Faransanci ba. Cewa ya yi yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake mafarki da shi, ya fi saurin kama na biyun. Wannan bayani ba a taɓa zama an yi wa iyaye shi da Hausa a rediyo yadda ya kamata ba, alhali shi ma aikin masani ne.

Yanzu da kundin sake gina ƙasa da aka zartar a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, akwai masu ganin magana ta ƙare. Ni tsoro ma na ƙara ji. Da fari, abin da Hassana Alidou ta kare shi ne harshen da yaro ya sani, ba Hausa kaɗai ba. Yaron Gure mai Barbarci, da na Tanut mai Tamajak, da na Tesker mai Tubanci, in aka tarbe su da Hausa zalla za su iya koma wa amshin nan, "To, malama" a madadin "Wi, madam". Sannan jin Hausa daban, koyarwa da ita daban. Ɗauki lissafi. Malama ta rubuta 100 a allo ta ce "ɗari". Yaron da ke yi wa uwarsa tallan ƙosai ya san ɗari a kasuwa tamma 500 ce, 100 kuwa dala ashirin ce, tun da dala ɗaya tamma biyar ce. Ta ina za a ɓullo wa wannan? Wane baƙi ake fara koyarwa, yaushe ake shigo da ƙ da ɗ da ɓ, yaya ake yi da dogon wasali da ba a nuna shi a rubutu? Waɗannan tambayoyin bincike ne na sosai, kuma amsarsu ba a Faris take ba, tana tsakanin Jami'ar André Salifou da makarantar horar da malamai ta Askiya Muhammad, waɗanda ke gari ɗaya, kabu-kabu ɗaya zai kai ka daga wannan zuwa waccan.

Da ni ke da ta cewa, duk kundin digiri da aka rubuta kan koyarwa sai an haɗa shi da shafi biyar da Hausa ko wani harshen ƙasa, waɗanda malamar ƙauye za ta iya aiki da su gobe da safe, kuma a lissafa wannan cikin abin da ke ɗaga muƙami. Ko makarantun allon Birni da Garin Malam suna da abin da za a koya daga gare su. Can ma ana amshi, amma yaro ba ya wanke allonsa sai ya zauna gaban malam shi kaɗai ya biya, gardi kuma a gefen malam yake koyon koyarwa, ba a takarda ba.

Bayan mako biyu na zauna na juya wa ƙanwata abin da na fahimta daga babin nan zuwa Hausa, na aika mata a saƙon murya ta WhatsApp. Ta tura wa rukunin malaman yankinsu. Da dare ta kira ni, ta ce ta gwada kiran yara ɗai-ɗai gaban allo, ta fara musu da sunayensu, wata yarinya ta gane baƙin farko na sunanta a cikin wata kalma har ta yi tsalle. Sai ta ce, "To Yaya, su fa sun fi saba'in, ni ɗaya. Farfesar ta faɗi yadda ake yi da sauran lokacin da nake tare da guda?" Na ce mata zan duba. Har yanzu ina dubawa.