Majinyacin ƙura ya karɓi diyyarsa a hannu ɗaya

A unguwarmu nan Tawa akwai wani dattijo da ba ya iya kai wa masallaci sai ya tsaya sau biyu, ya dafa bango, ya mayar da numfashi. Shekarun ƙarfinsa a wurin fasa dutse ya ƙare su, a hannun ’yan kwangila uku, ba takunkumin kirki, ba ruwan kwantar da ƙura. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ce silikosis ne: garin dutse ya yi wa huhu tabo, kuma tabon ba ya warkewa.

Ɗansa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce, “Ai Baba wata takwas kawai ya yi mana.” Na biyu ya ce da tarinsa ya zo. Na uku ko ofishinsa babu. A ganina, wannan turereniya ce ya kamata doka ta toshe.

Cutar ƙura takan yi shekara goma ko fiye kafin ta bayyana, lokacin ma’aikaci ya sauya iyayen gida, takardun albashi sun ɓace, in ma an taɓa ba shi. Ta yaya mai haki zai auna ƙurar wane ce ta fi cika masa huhu?

Ingila ta sha wannan muhawara kan sankarar da ƙurar asbestos, wani ma’adini mai zare-zare da ake sa wa a kayan gini, ke jawowa. A 2006 kotun ƙolinsu ta ce kowane kamfani kasonsa kawai zai biya, abin da ke nufin kason wanda ya rushe ya bi ruwa. A shekarar majalisa ta yi doka: majinyaci ya karɓi diyya cikakkiya daga kowane ɗaya cikin masu laifin, su kuma su je su sasanta lissafi tsakaninsu. A Afirka ta Kudu, kamfanonin zinariya shida, har da AngloGold Ashanti da Harmony, sun amince a 2018 da biyan rand biliyan 5 ga masu silikosis da tarin fuka, ta hannun asusu guda.

Za a ce zalunci ne a ɗora wa mai wata takwas nauyin shekara ashirin. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, shi ya sa na ce a raba, gwargwadon shekarun aiki da yawan ƙurar kowane wuri. Amma a yi rabon bayan kuɗi sun shiga hannun majinyaci. Kamfanoni ke da rajista da lauyoyi da lokacin zaman kotu. Dattijon unguwarmu numfashinsa ƙirgagge ne.

Mu da ke da siminti a Malbaza, gawayi a Anu Araren, da ramukan uraniyom na kamfanin Cominak da aka rufe a 2021, wannan magana tamu ce. Ga kuma samarinmu da ke tafiya haƙar zinariya Jado tun 2014, waɗanda CNSS, hukumar inshorar ma’aikata, ba ta ma san sunayensu ba. Kason wanda ya ɓace ko ya karye sai asusun da masu haƙa da masu fasa dutse za su riƙa zuba wa kuɗi tun injinansu na aiki. Shi kuwa dattijon, har yau ɗansa ke sayen magani da kuɗin kabu-kabu.