Yadda Autana Ya Riƙa Yi Mini Gudu

Tumbina ne ya jawo komai. Tun da ya fara riga ni shiga ɗaki, uwargida ta sa ni gaba da tsiya. Ana cikin haka na ga tallar wani wasan bidiyo na motsa jiki, mutane masu ƙirar ƙarfi suna tsalle a falo suna murmushi, ko ɗigon gumi babu. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai wani ƙaramin rubutu can ƙasan tallar, wai sai an dage kullum kuma an kula da abin da ake ci, amma wa ke karanta wannan?

Ranar farko na ɗaura na'urar wasan ɗaya a cinya, na riƙe ɗayar a hannu. Gaskiya wasan bai yi ƙarya ba. Cikin minti 12 na jiƙe sharkaf, ina haki kamar wanda kare ya biyo. Kwana uku ina saukowa daga gado da dabara, ina dafa bango.

A rana ta huɗu na gano lagonsa. Ashe na'urar ba ta san ni ba, motsin kanta kawai take ji, kalorin da take nunawa kuma, wato yawan kuzarin da jiki ya ƙona, ƙiyasi ne daga nauyi da shekarun da ka shigar mata. Sai na miƙe a kan doguwar kujera ina kaɗa ta da hannu, mutumina na cikin talabijin yana ta sheƙa gudu, yana haye tsaunuka. Da hannun ya gaji, na kira autana, ɗan shekara 6 wanda dama ba ya iya zama wuri ɗaya, na ɗaura masa a ƙafa. Shi yana tsalle yana murna, ni ina shan yabo. Har gwarzon mako wasan ya naɗa ni, kuma wallahi na ji daɗin abin a raina.

Bayan wata biyu muka je ganin likita. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya na so babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Na gyara zama, na ce ai ni ina yin 300, na ma nuna masa shaida a waya. Ya jinjina kai, ya ce in hau sikeli.

Kilo 2 na ƙaru.

Likita ya dubi wayar, ya dubi tumbin, ya sake duban wayar. Na fara kame-kame, wai ƙila tsoka ce, tun da an ce ta fi kitse nauyi. Uwargida, wadda tun shigowarmu ba ta ce uffan ba, ta jawo hannun yaron gaba ta ce, "Likita, bar Maigida ya huta haka nan. Ga mai minti 300 ɗin, shi za ka auna."