Abin da ya kai ni Leipzig don waƙar sa'a guda

Tun ranar da na sanya hoton Cocin Waliyyi Toma na birnin Leipzig da ke ƙasar Jamus a shafina, tambaya guda ce take ta dawo mini daga 'yan'uwa da abokai: me zai sa mutum mai hankalinsa ya ɓata yini guda a jirgin ƙasa, ya kama masauki, don kawai ya saurari yara maza suna waƙa na sa'a ɗaya, alhali waƙoƙin nan suna jibge a YouTube? Tambayar ba ta ɓata mini rai ba, domin ni ma na yi wa kaina ita kafin in yanki tikiti. Amsata ita ce, abin da na je nema ba ya shiga cikin waya, kuma ba ya jiran kowa.

Ƙungiyar mawaƙan da na je ji, wadda Jamusawa suke kira Thomanerchor, an kafa ta ne a shekarar 1212, wato ta haura shekara ɗari takwas tana rera waƙa a wuri guda. Yaran suna shiga tun suna da kimanin shekara 9, suna zama a makarantar kwana har su kai 18, kuma a lokacin zangon karatu suna waƙa a cocin ran Juma'a da ƙarfe shida na yamma da ran Asabar da ƙarfe uku. Johann Sebastian Bach, shahararren Bajamushen nan mai tsara kiɗa, shi ne ya shugabance su daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kuma tun 1950 kabarinsa yana cikin cocin, a gaban bagade. Na isa da wuri na tsaya a kan kabarin, inda na tarar da furanni da baƙi suka ajiye, sannan na nemi wurin zama a kan dogon bencin katako.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a wannan yammacin ganin da na yi kaɗan ne. Yaran sun hau benen da ke can bayan coci, kusa da babbar ogan mai bututu, don haka daga inda nake sai na juya wuya nake hango kawunansu. Da suka fara, sai na daina juyawa. Siraran muryoyin ƙananan ne suka fara tashi, sannan masu kauri na manyan suka shigo ta ƙarƙashinsu, sautin ya hau rufin nan mai tsawo da aka ɗaure da bakan gizo, ya sauko ya cika wurin har ban iya cewa ga inda yake fitowa ba. Idan suka kai ƙarshen baiti suka rufe baki, amon yakan ci gaba da yawo na ɗan lokaci, jagoransu kuma yakan jira ya lafa kafin ya ɗaga hannu. Wannan jiran yana cikin waƙar. Waɗanda suka tsara irin waɗannan waƙoƙi sun tsara su ne da sanin cewa bangon dutse zai riƙe sauti ya dawo da shi, ya haɗa kalmar da ta wuce da wadda take zuwa, saboda haka ginin kansa ɗaya ne daga cikin kayan kiɗan. Abin da na'ura take ɗauka ta kawo maka a kunne shi ne abin da makirufo ya ji daga inda aka kafa shi, bayan masu gyaran sauti sun share tari da motsin benci, sun zaɓi ɗauka mafi kyau cikin da yawa. Yana da daɗi, ina kuma saurarensa kullum, sai dai wani abu ne dabam.

Dalili na biyu shi ne ya fi taɓa ni, kuma shi ne ya sa ban ɗage tafiyar zuwa baɗi ba. Muryar yaro aro ce. Da zarar balaga ta kama shi, galibi wajen shekara 13 ko kusa da haka, maƙogwaronsa yakan girma, tantanin da ke kaɗawa ya ba da sauti ya ƙara tsawo da kauri, murya ta buɗe ta faɗo ƙasa, kuma ba ta sake komawa. Ga shi kuwa yaro ba ya ƙwarewa sai ya shekara uku ko huɗu ana koya masa numfashi, da karanta alamomin waƙa, da furta Latin da Jamusanci, da riƙe layinsa yayin da wasu layuka uku, wani lokaci ma bakwai, suke tafiya a gefensa. Ashe ke nan lokacin da gwanintarsa ta cika shi ne lokacin da muryar take shirin barinsa. Haydn, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na Turai, ya yi yarintarsa yana waƙa a babban cocin Waliyyi Istifanus na Viyana, da muryarsa ta buɗe kuma aka sallame shi a 1749. Sunan ƙungiya yana daɗewa ɗaruruwan shekaru, amma muryoyin da na ji a wannan Juma'ar, a haɗe kamar yadda na ji su, ba za su kai shekara biyu ba.

Akwai masu cewa ai duk wannan tsohon tarihi ne ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Ban musanta cewa akwai ciniki a ciki ba. Ƙungiyar yara mawaƙa ta Viyana, babban birnin Austriya, wadda take danganta asalinta ga umarnin Sarki Maximilian na ɗaya a 1498, tana da yara kusan ɗari da aka raba gida huɗu, suna zagaya duniya suna yin wasa wajen 300 a shekara, yawanci a manyan ɗakunan taro. Ba na raina su, amma ni a ganina wanda zai yi ɗawainiyar tafiya gara ya nemi ƙungiyar a cocinta, inda take waƙa ko da baƙo ko babu. A Kambrij ta Ingila, yara 16 na Kwalejin King's, adadin da Sarki Henry na shida ya ƙayyade tun ƙarni na 15, suna rera sujadar yamma a yawancin ranakun zango, ba sai jajibirin Kirsimeti da BBC take watsawa tun 1928 ba. A wannan jajibirin ma, yaron da zai buɗe waƙar farko shi kaɗai ba a sanar da shi sai daf da farawa, don kada fargaba ta kwana da shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da bai kamata mai sauraro ya manta ba, wato yara ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma ɗanyen icce ma yana karyewa. A 2017 wani bincike ya bayyana cewa aƙalla yara 547 na ƙungiyar mawaƙan babban cocin Regensburg na Jamus sun sha duka ko an ci zarafinsu tsakanin 1945 da farkon shekarun 1990, yayin da jama'a suke ta yaba daɗin muryoyinsu. Duk mai ƙaunar wannan waƙa wajibi ne ya riƙa tambayar yadda ake kula da masu yin ta, nawa suke barci, sau nawa suke ganin iyayensu, wa suke kai wa ƙara. Ina kuma murna da cewa ƙofa ta buɗe wa 'yan mata, tun da babban cocin Salisbury na Ingila ya kafa musu tasu ƙungiyar a 1991, domin horon nan alheri ne da bai dace a keɓe shi ga 'ya'ya maza kaɗai ba.

Su ma yaran ba mala'iku ba ne, kuma na fi son su a haka. Bach da kansa ya rubuta wa majalisar birnin Leipzig takardar koke a 1730, inda ya ce cikin ɗalibansa 17 ne suka iya, 20 ba su kai ba tukuna, 17 kuwa ba su dace da waƙa ba sam. A wannan yammacin ma na ji wata murya ta ɗan riga sauran shigowa, ta ja baya, ta daidaita kafin a kai kalma ta gaba. Ba abin da ya tabbatar mini cewa mutane ne masu rai suke wannan aiki a gabana kamar wannan ɗan tuntuɓen, da kuma yadda na kusa da shi suka ɗauke shi ba tare da waƙar ta girgiza ba.

Da aka gama ba a tafa ba, domin an karanta Nassi, an yi addu'a, taron kuma ibada ce kafin ya zama abin kallo. Mutane sun ɗan zauna shiru sannan suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Ban ɗauki komai a waya ba, don haka ina ba waɗanda suka roƙe ni bidiyo haƙuri. Wanda kuma ya yi niyyar zuwa, ya duba jadawalin cocin kafin ya kama hanya, domin a lokacin hutun makaranta ko idan yaran sun tafi rangadi, wata ƙungiya ce ta baƙi take hawa benen a madadinsu.